Kwaɗon Birnin Rumbu

Na'urar da ake kira Makaranciya ta haɗiye ɗigon jinin, ta yi ƙugi, sannan ta fara jero haruffa a allon bango. Aikinta karanta kundin halitta, wato rubutun da ke cikin kowane mai rai, wanda ke faɗa masa abin da zai zama. Dakta Uwani Kurfi ta zura wa allon ido. Jinin nata ne, kuma ta riga ta san abin da za ta gani.

Birnin Rumbu a ƙarƙashin teku yake, cikin wani ƙaton ƙoƙon gilashi. An gina shi ne lokacin da gonakin tudu suka gaji, domin noman gansakukar teku da ake niƙawa a yi gari. Gansakukar ba ta iya haɗa bitamin B12, sai wata ƙwayar bakteriya ta ba ta, ita kuma ta biya ta da sukari. Uwani ce ta karanta kundin ƙwayar, ta gyara shi har amfani ya ninka. Don kada ƙwayar ta ɓalle ta cika teku, sai ta saka mata makulli: duk ranar da ta rasa sukarin gansakukar Rumbu, za ta fashe ta mutu. An yi ta tafa mata, ita ma kanta ya ɗan kumbura.

Dokar birnin ta ce a tafasa gansakuka kafin a ci. Amma wanda ya rubuta dokar bai san mutanenmu da kwaɗo ba. Wata rana wata mata ta yanka ɗanyar, ta zuba ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, ta aika wa maƙwabta. Kafin a ankara, babu gidan da ba a ci. Uwani kanta ta ci, har da neman ƙari.

Ƙwayar ta samu gida a hanjin mutane, ta kori ƙwayoyin hanji na asali ta zauna. Muddin ana cin gansakuka, lafiya lau. Amma duk wanda ya hau tudu, ƙwayoyin cikinsa sukan fashe gaba ɗaya, su zuba dafi a jini. Na farko da ya tafi ganin gida, gawarsa aka kai wa danginsa. Gansakukar kuwa ba ta rayuwa sai cikin sanyi da nauyin ruwan ƙasa, kuma sukarinta yakan lalace kafin jirgi ya kai gaɓa. An gwada magunguna, sai ya zama duk abin da ya kashe ƙwayar ya saki dafin. Allon ya nuna wa Uwani cewa sabon maganinta ma bai taɓa makullin ba. Makullin nan ta yi shi da kyau sosai.

A ranar aka kira ta daga Kurfi. Mahaifiyarta, Inna Kande, ta bayyana a allon wayar, ta rame, muryarta ta dushe. Likitoci sun ce zuciya ce, kuma ba su yi alkawarin komai ba. Uwani ta yi mata bayanin ƙwaya da sukari da makulli, tana yi tana kuka. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"To, tunda ke ba ki iya fitowa, ni ina iya shiga?"

Uwani ta ce ana iya shiga, kuma ana iya komawa, in dai ba a taɓa ɗanyar gansakuka ba. Ta nanata wannan, domin ta san burin Inna guda ne a duniya: a binne ta a Kurfi, kusa da kabarin Malam, mijinta. A Rumbu babu ƙasa. Mamaci a likkafani ake saka shi, a yi masa salla, a miƙa wa ruwa.

Jirgin nutso ya kawo Inna a keken guragu. Ta dubi rufin gilashi da duhun ruwan da ke danne shi, ta ce ko kaji ba ta taɓa rufewa haka ba. Uwani ta tanadi tuwo da miya da aka tafasa har suka gaji, ta kuma bi maƙwabta gida-gida tana roƙon kada a kawo wa baƙuwa komai. Suka yi kwanaki tare. Inna tana tsefe mata kai, tana mitar furfurar da ta riga tata yawa. Uwani ba ta taɓa jin daɗi da tsoro a haɗe irin haka ba, domin ranar komawar jirgi tana matsowa, kuma ta san ba za su sake ganin juna ba.

Da safiyar tafiya ta leƙa ɗakin bincike ta dawo da takardar fitar Inna. Ta tarar da Inna zaune a tabarma, ga kwanon ɗanyen kwaɗon Uwani na cikin firji a gabanta, kore shar, ta cinye rabi.

"Inna! Na ce miki kada ki taɓa."

"Na ji ki sarai, kunnena ƙalau."

"To Baba fa? Kurfi fa?"

Inna ta lashe yatsa, ta ce Malam yana da maƙwabta a can, ba ya rasa abokan kwanciya. Sannan ta dubi 'yarta.

"Kin yi wa abin da ido ba ya gani kurkuku, kin faɗa ciki. Ni ban iya buɗewa ba. Zama dai na iya."

A waje jirgin ya yi ƙarar tashi. Uwani ta durƙushe a bakin tabarma, takardar na hannunta. Inna ta tura mata kwanon, ta ce gishiri bai ji ba.