Gidan Da Aka Sayar Sau Uku

Zubaida na zaune a inuwar rumfa tana tsince riɗi a faifai, sai mahaifiyarta, Inna Hajar, ta faɗo gida ko mayafi ba ta cire ba.

"An fasa! Wallahi ba za a kai 'yata gidan nan ba!"

"Wane gida, yumma?"

"Wanda Nasir ya saya a sabuwar unguwar bayan gari! Yanzu na ji a kasuwa — sau uku ana sayar da shi cikin shekara tara. Duk wanda ya shiga da matarsa, kafin shekara uku ya kwashe kayansa. Ruwa ba ya tsami banza. Ke kaɗai Allah ya ba ni, ba zan kai ki gidan aljanu ba."

Saura wata guda bikin Zubaida da Nasir. Nasir kuwa damina huɗu ya yi yana noman riɗi a Basunda kafin ya mallaki gidan. A ce ya nemi wani, an ce ya ƙara jiran damina huɗu ke nan.

Da la'asar ya zo ya durƙusa.

"Inna, ga masallaci a ƙofa, ga gidan burodi, ga makaranta, ga tashar keken raksha. Har ungozoma akwai a layin."

"Ya waladi, ɗana, ni ba burodi na ce ka kawo ba. Ko wani gida, ko wata amarya."

"To, Inna," ya ce, ya tashi a sanyaye.

Kwana bakwai Zubaida na kuka a ɗaki, ba ta mayar wa Inna ko kalma ɗaya ba. Ran na takwas tana soya mata kofin da za ta dafa a jabana, wato tukunyar kofi, sai ta ɗaga yatsa, ta karkace baki, ta fito da muryar Inna sak:

"'Ya bitti, 'yata, labarin gida ba a kasuwa ake jin sa ba, a bakin jabanar maƙwabta ake ji!' Yumma, wa ma ya koya mini wannan?"

"Ja'ira!" Inna ta ce, tana danne dariya da bakin mayafi.

Washegari Inna ta ƙulla kofi da citta da sukari, ta hau raksha, ta yi sallama gidan Hajja Zahra, tsohuwar da ke katanga ɗaya da gidan Nasir. Aka ɗora jabana. Kofin farko, an gaisa. Na biyu, an yi zancen dawar bana. Sai a na uku Inna ta rage murya.

"Hajja, don Allah, me ke korar mutane daga gidan nan?"

Hajja ta kwashe da dariya har ta shaƙe.

"'Ya'ya, baiwar Allah! Ɗaki biyu ne kacal. Babiker da ya gina, matarsa ta yi tagwaye, ta maimaita, suka nemi babban gida. Omer ya saya, uku suka zo a jere. Abdulhamidu kuwa shekara bakwai da aure shiru, ya shigo nan, sai ga Hassan da Husain! Ni ce ungozomar layin, duk ni na yanke musu cibi."

Inna ta ajiye kofi a hankali. Shekara ashirin tana roƙon Allah gida mai hayaniya.

Da ta dawo gida, tun daga zaure Zubaida ta jiyo ta:

"Ke! Kira Nasir! Sati uku ya yi nisa, a matso da bikin. Kuma ki ce masa ya fara tara bulon ɗaki na uku — ba mai sayar mini da gidan jikoki!"

"Aljanun fa, yumma?"

"Allah ya kawo su bibbiyu!"

Haihuwa dai ta Allah ce, ba ta bango ba. Amma da Nasir ya ɗaga wa Inna murya, ko Zubaida ta yi mata tsiwa, da jabanar nan ba ta hau wuta ba. Wanda ya yi haƙuri da iyaye ba ya taɓewa, kuma kafin ka yanke wa gida hukunci, ka fara gaida maƙwabci.