Mai Katin Duwatsu Biyar

Kujerar waya da ke kai mutane saman dutse ce ta haɗa su. Asabar ce a watan Yuli, rabin birnin Santiago ya hau wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, layi ya yi tsawo har ma'aikaci ya koma cusa duk wanda ya zo shi kaɗai a gurbin da ya samu. Haka Maite Ovalle ta tsinci kanta kafaɗa da kafaɗa da wani dogon saurayi mai tsohuwar hular ulu, wanda kunya ta hana shi ko kallonta.

Suna tsakiyar sama kujerar ta tsaya cak, kamar yadda ta saba. Maite kuwa ba ta iya zaman shiru ba tun tana yarinya. Ta leƙa katin da ke rataye a ƙirjinsa, ta kwashe da dariya.

"Au! Ashe da mai duwatsu biyar nake zaune."

Katin shekara dai iri biyu ne a wurinmu. Akwai na dutse ɗaya, akwai kuma wanda ke buɗe maka ƙofar wuraren wasa biyar, na kusa da na nesa. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai san abin da yake yi ba.

"Laifi ne?" saurayin ya tambaya.

"A gidanmu babban laifi ne. Babana ya ce namijin da ya kasa riƙe dutse ɗaya ba zai riƙe mace ɗaya ba."

"To ki gaya wa Baba biyu kawai nake hawa, wannan da na garinmu can kudu, bayan Chillán. Babu katin da ya haɗa su sai wannan. Sauran ukun ko hanyarsu ban sani ba."

"Chillán? Shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙanshin hayaƙin itace. Ashe baƙauye ne!"

Maimakon ya ji haushi, sai ya zaro burodin da mahaifiyarsa ta gasa a toka, ya gutsura mata rabi. Ita kuma ta buɗe gorar shayinta. Kafin kujerar ta motsa ta san sunansa Eliseo Riquelme, yana gyaran na'urorin asibiti a birni, kuma idan ya yi dariya idanunsa rufewa suke yi. Da suka isa sama ta ji haushin mai gyaran kujerar da ya yi saurin aikinsa.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"'Yar birni, kin sauka lafiya? Har yanzu ɗanɗanon shayinki bai bar bakina ba."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta mayar:

"Baƙauye, shayin nan ko sukari babu. Ka faɗi gaskiya, mene ne bai bar ranka ba?"

"Ke ce."

Daga nan soyayya ta kankama. Sanyi ya wuce, zafi ya zo, har yaran ajin da Maite ke koyarwa suka gane malamarsu ta faɗa, don sai su kama ta tana yi wa allo murmushi.

Matsalar ɗaya ce, sunanta Don Hernán Ovalle, mahaifin Maite. Tun rasuwar matarsa, Maite na 'yar ƙarama, dattijon nan bai taɓa fashin Asabar ɗaya ta sanyi ba. Da sassafe zai ɗora kayan zamiya a kan tsohuwar motarsa, 'yarsa a gefensa, su kama hanyar nan mai kwana-kwana kamar hanjin kaza har dutsen da yake kira nasa. A tsakanin gwiwoyinsa ta koyi zamiya. Shi a ganinsa mijin da ya dace da ita yana nan kusa, wato Raimundo, ɗan amininsa, mai gidan katako a saman dutsen, mai haƙora farare da surutun kansa.

A watan Afrilu, da aka buɗe sayar da katin sabuwar shekara, Don Hernán ya kafa sharaɗinsa a kan teburin cin abinci.

"Idan da gaske yake, ya yanki katin dutsenmu shi kaɗai. Ba zan ba da ke ga mutumin da ƙafarsa ɗaya ke kudu ba. Yau zai ce mu je mu gaida Mama, gobe zai ce mu zauna. Awa biyar fa, Maite!"

"Baba, kati ne kawai."

"Kati ne ke nuna inda zuciyar mutum take kwana."

Ta roƙi Eliseo har da hawaye, amma da ranar ta zo, na duwatsu biyar ɗin ya sake yanka.

"Ranki ya daɗe, ki saurare ni," ya ce yana riƙe da hannunta a bakin tashar jirgin ƙasa. "Mamana ita kaɗai ce a gida. Idan na je in faskara mata itace, a dutsen can nake wasa, inda babana ya koya mini. In na yar da shi yau don a ba ni ke, ƙarya na yi wa Babanki, don ba zan daina zuwa ba. Garin masoyi ba ya nisa, naki da nata duka."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ne ya fi ƙona mata rai. Kwana biyu ba ta amsa saƙonsa ba. A na uku ta kasa daurewa:

"Baƙauyena mai taurin kai, na shawo kan Baba da ƙyar. Ya ce ka same mu a ɗakin cin abinci na saman dutse ranar Asabar ɗin farko da ƙanƙara ta sauka, ka faɗi abin da ke bakinka. Don Allah kada ka makara."

"Kurciyata, ko da rarrafe ne zan zo. Ki sa jar hular nan."

Ƙanƙara ta sauka a tsakiyar Yuni, mai yawa, irin wadda ke sa mutanen Santiago su fito baranda suna nuna wa juna duwatsu kamar ba su taɓa ganinsu ba. Maite ta sa jar hula. Don Hernán ya kama teburi kusa da murhu, ya ba da odar farfesun kaza, sai ga Raimundo ya jawo kujera ba tare da an gayyace shi ba.

Rana ta take, ba Eliseo. Maite ta fita inda waya ke ɗan kama sabis, ta ga saƙo ɗaya tun na safe: "Ina hanya." Ta kira, kira bai shiga ba.

"Wace hanyar?" in ji Raimundo da ta dawo ta karanta musu saƙon, yana miƙa wa Don Hernán wayarsa. "Kawu, dubi nan. Wani abokina ne ya ɗauka jiya da yamma a dutsen Chillán. Wannan ba hular mutuminku ba ce? Can ƙanƙarar ta fi zuba, ai ban ga laifinsa ba."

Shi ne, ba tantama. Maite ta ji kamar an zare mata ƙasa. Bai gaya mata zai tafi kudu ba, a daren ranar da ta fi kowace muhimmanci a wurinta.

Don Hernán bai ce "ai na faɗa" ba. Ya dai tura mata kwanon farfesu, ya ce, "Ci, 'yata, ya huce." Tausayin da ke muryarsa ya fi mata zafi a kan gori.

Kowa ya san dokar hanyar dutsen a ƙarshen mako. Da safe hawa kawai ake yi, da rana ta karkata sai 'yan sanda su rufe shinge a ƙasa, hanya ta koma ta masu sauka. Wanda ya makara ya makara. Da la'asar uba da 'ya suka shiga jerin motoci, ana tafiyar hawainiya.

Sun kusa ƙasa sai suka fara jin odar motoci daga gaba, ba ta fushi ba, ta shagali. Direban motar da ke gabansu ya leƙo da kai ya kwarara ihu:

"Ana neman Don Hernán! A miƙa baya!"

Na bayansu ya karɓa, "Don Hernán! Wa ya ga Don Hernán?" Kira ya yi ta hawa dutse daga mota zuwa mota.

"Wane irin iskanci ne wannan?" dattijon ya ce yana sauke gilashi.

Sai ga wata gajeriyar tsohuwa da mayafin ulu, kwando a hannu, tana bin motoci tana ƙwanƙwasa tagoginsu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sanda na biye da ita yana roƙo, "Iya, don Allah ki koma bayan shinge." Bayansa kuma ga Eliseo cikin kwat ɗin aro, rungume da kaza mai rai.

Maite ba ta san lokacin da ta ɓalle ƙofa ta fita ba.

"Mamana na je ɗaukowa," ya ce yana haki. "So na yi in ba ki mamaki. A garinmu namiji ba ya zuwa neman aure shi kaɗai kamar maraya. Dutsen na hau jiya in karɓo kwat a wurin ɗan kawuna da ke aiki can. Da asuba muka taso, wallahi, amma sai da aka tsaya gaida gwaggo a Talca, aka tsaya sayen alewa a Curicó..."

"Da hannu biyu zan zo gidan surukai?" tsohuwar ta katse shi. Ta juyo ta ƙare wa Maite kallo, ta kama kumatunta. "Ke ce mai jar hula? Kai, ɗan nan bai iya ba da labari ba, ai kin fi haka. Ina uban naki?"

Don Hernán ya gyara motar gefe ya fito yana gyaran murya. Ta tsaya a gabansa, kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Ni ce Eduvina, uwar wannan. Bawan Allah, wane irin dutse ne gare ka da ke rufe wa baƙi ƙofa? A wurinmu hanya kan je ta dawo."

"Doka ce, Señora."

"Doka! An ce mini ka ƙi ɗana don katinsa ya kai garinmu. To bari in tambaye ka. Yaron da ke tuƙa awa biyar ya faskara wa tsohuwa itace, ya juyo ya kama aiki Litinin, shi ne kake tsoron zai hana 'yarka zuwa wurinka? Ai wanda bai san hanyar gidan uwarsa ba shi ne abin tsoro. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ɗana ba ta gajiya."

Motoci sun tsaya, mutane sun leƙo. Wata mata ta yi ihu, "Ba shi ita mana, Don Hernán, mu samu mu tafi gida!" Ɗan sandan ma ya juya baya yana ɓoye dariya.

Dattijon ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Ba ɗanki na ƙi ba," ya ce a hankali. "Kujerar gefena a mota nake tsoro. Sau ɗaya na taɓa ganinta babu kowa, lokacin da matata ta rasu, ban so in sake gani."

Señora Eduvina ta ajiye kwandonta. Muryarta ta sauko.

"Ni ma na san wannan kujerar. Ranar da ya tafi birni na zata na rasa shi. Ga shi nan, bai ɓata ba."

Eliseo ya matso, kazar na fisge-fisge a hammatarsa. "Don Hernán, ina son Maite, kuma aurenta nake nema. Ba zan yi maka alkawarin barin kudu ba. Amma na yi maka alkawarin duk Asabar ɗin da muke gari, ni zan ɗaura wa tayoyinka sarƙar hana santsi, ita ta zauna a gaba, ni a baya."

"Miƙo kazar nan tukuna, ka shaƙe ta," in ji Don Hernán. Ya karɓe ta, ya dubi 'yarsa da ke kuka tana dariya lokaci guda. "Kina son sa?"

"Sosai, Baba."

"To na ba shi."

Hanyar dutse ba ta taɓa jin oda irin ta ranar ba. Raimundo ma da ya iso wurin ya danna tasa, ko da yake wasu sun ce hanya yake nema.

An ɗaura auren a watan Satumba, a wata ƙaramar coci a gindin dutse, mutanen kudu suka cika bas guda suka zo da garayunsu da tukwanensu. Aka yi rawar hankici har takalman amarya suka tsinke. Da za a rabu, Don Hernán ya kama hannun Maite ya sa a na Eliseo, ya haɗa ya riƙe da nasa biyu, ya kasa saki.

"Sake su mana," in ji Señora Eduvina tana share ido. "Ba guduwa za su yi ba."

"Na sani," ya ce. "Ku je, 'ya'yana. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare muku hanya, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku kamar yadda kuka ji namu."

Duk wurin aka amsa da amin, sannan ya buɗe hannunsa.