'Yar Saƙa da Ɗan Gangara

Ranar da Nelida ta fara ganin Bastian, a kan tsani take tana share yanar gizo-gizo daga rufin tsohon rumbun ulu, wanda mutanen kwarin Nirelco suka yanke shawarar mayarwa gidan fasaha. Ƙofa ta buɗe, iska mai sanyi ta faɗo ciki, a bayanta wani dogon saurayi rungume da tsofaffin allunan zamiya na katako, dusar ƙanƙara ta yi masa furfurar aro a kai.

"Sannu da aiki. An ce ke ce shugabar wurin nan."

"Shugabar tsintsiya dai," ta ce, ba ta ko sauko ba. "Rufe ƙofar, za ka kashe mana murhu."

"Kwamitin gari ne suka aiko ni. Wai a rataya waɗannan a bango, baƙi su ga yadda kakanninku suke saukowa daga dutse."

"Kakanninmu da ƙafa suke saukowa, tumaki a gaba."

Ya yi wata irin dariya da ta cika rumbun, har ta juyo ta dube shi sosai. Da ta ga ya daɗe yana kallonta, sai ta miƙa masa guduma ta ce tunda ya zo, ya yi amfani.

Bastian ɗan birnin Temuco ne. Yana koya wa baƙi zamiya a kan ƙanƙara a gangaren da ke saman gari, yana kuma cikin masu ceto idan wani ya karye ko ya ɓata. Damuwar kwamiti ita ce baƙin nan suna hawa sama da safe, su yi wasansu, su wuce da yamma ba su ko leƙa garin ba. Shi ya sa aka ce a yi gidan fasaha: mata su yi saƙa, yara su koyi zane, tsofaffi su kaɗa garayarsu, baƙo ya sami dalilin tsayawa. Nelida ce aka ba riƙon wurin, don tun tana ƙarama hannunta yake a masaƙar mahaifiyarta.

Allunan sun hau bango a ranar, amma Bastian bai daina zuwa ba. Yau ya zo da ƙusa, gobe ya zo ya ce ƙusar jiya ta karkace. Ya sa mata suna 'Yar Saƙa, ita kuma ta rama da Ɗan Gangara. Idan ba sa tare kuma, sai saƙonni a waya.

"'Yar Saƙa, yau na koya wa wani ɗan Brazil mai tumbi yadda ake tsayawa. Ya tsaya, amma a kaina. Kin ci abinci?"

"Na ci. Allah ya ƙara, Ɗan Gangara. Ka sa hular da na saƙa maka, jiya kunnuwanka sun yi jajir."

"Na sa. Sai dai tun da na sa ta nake jin muryarki a kaina. Me kika haɗa da ulun?"

Takan karanta irin waɗannan saƙonni ta yi murmushi, sai murmushin ya gushe tun kafin ta kai gida. Akwai abin da ba ta gaya masa ba sai da suka yi nisa: yayanta Aliro a gangaren nan ya rasu. Yana aikin share hanyar masu zamiya ƙanƙara ta zaftaro ta rufe shi. Tun daga lokacin mahaifinta, Don Rosamel, ya juya kujerarsa ta ba taga baya, bai ƙara ɗaga ido ya dubi dutsen ba.

Mahaifiyarta ce, Doña Edelmira, ta ce a kawo yaron ranar Lahadi. Ta dafa miyar cazuela da naman rago da kabewa, ta soya fanke. Bastian ya zo tsaf da shi, ya gaida kowa da ladabi. Ana cikin ci Don Rosamel ya tambaye shi sana'arsa.

"A sama nake aiki, Don Rosamel."

Tsohon ya ajiye cokali a hankali.

"Ka ci abincinka, yaro, baƙo ne kai. Amma ka ji ni da kyau. Dutsen nan ya karɓi ɗana. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da za ta riƙa tsayawa a ƙofa kullum tana jiran ko zai sauko ba."

"Papa," Nelida ta fara.

"Na gama."

A waɗannan kwanakin ne Fabricio ya iso daga Santiago, shi aka ɗauko ya shirya fim ɗin tallar kwarin. Mutum ne mai daɗin baki, ga tsafta, aikinsa a ofis mai ɗumi. Ya je gidan Don Rosamel ɗaukar hoton tumaki, ya koma sau da yawa ba don tumakin ba. Tsohon ya saki jiki da shi.

"Ga mutum mai tafiya a ƙasa kamar kowa," in ji shi ga 'yarsa. "Zai kai ki inda ba ki ganin dutsen nan."

Da aka gama fim, a gidan fasaha aka nuna shi, gari ya cika maƙil. Aka ga masaƙa, aka ga yara da fenti, aka yi tafi. Sai ga Bastian yana saukowa daga gangare tare da wata kyakkyawa da aka ɗauko don tallar. Suna tsayawa ta faɗa jikinsa ta sumbace shi. Matan gari suka juyo gaba ɗaya suka dubi Nelida.

Fabricio ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Ni ban sa su yin wannan ba fa."

Ta fita ba ta ɗauki ko mayafinta ba. Kafin ta kai gada wayarta ta yi ƙara, saƙo ne daga Bastian.

"Nelida, na rantse da Allah Fabricio ne ya ce mata ta yi, ni ban sani ba sai da na ji ta a jikina. Na roƙe shi ya cire, ya ce ya cire. Ki ɗauki waya."

"Papa ya yi gaskiya. Mutanen sama na baƙi ne. Ka bar ni."

"Ko zagina ne ki kira ki yi, 'Yar Saƙa."

Ba ta amsa ba. Ta ci gaba da buɗe gidan fasaha, baƙi suka fara tsayawa kamar yadda aka so, suna sayen barguna suna sauraron kiɗa. Kowa na murna sai ita. Ta rame, idan ta zauna a masaƙa sai ta saƙa ta warware. Fabricio ya ce ta bi shi birni, ta ce za ta yi tunani, ya tafi bai sami amsa ba.

A watan Agusta ƙanƙara ta zubo irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Hanya ta toshe, wuta ta ɗauke. Da safe Doña Edelmira tana kwaɓa fulawa ta dafe ƙirji ta zame ƙasa. Aka kira asibiti, suka ce motarsu ba za ta wuce gadar ƙasa ba, jirgi kuma ba ya tashi a wannan iska.

Nelida ta kira lambar da ta yi makonni tana gudu.

"Bastian, Mamita ce."

"Ki rufe ta da bargo, kar ta motsa. Ga ni nan."

Bai tambaye ta komai ba. Ya iso shi da abokin aikinsa suna jaye da gadon ceto mai zamiya. Don Rosamel ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon allunan da ke ƙafarsu, fuskarsa kamar an zuƙe masa jini.

"Don Rosamel, ka ba ni ita," in ji Bastian. "Babu wata hanya."

Tsohon ya matsa daga bakin ƙofa. Sannan ya cire bargon kafaɗarsa ya lulluɓe matarsa, ya ɗaure igiyar ƙarshe da hannunsa, ya ce, "A hankali."

Sun kusa gada allon Bastian ya sarƙe da wayar shinge da ƙanƙara ta binne. Da ya saki gadon da ya tsira, amma da ya kife da ita. Ya riƙe, nauyin duka ya sauka a gwiwarsa. Da rarrafe ya ƙarasa ya ga an sa ta a mota, sannan ya yarda aka ɗauke shi.

Doña Edelmira ta yi 'yan kwanaki a asibiti tana magana, har tana tsokanar masu jinya. Wata rana da azahar ta kama hannun mijinta.

"Rosamel, kana tsammanin ban san abin da kake tsoro ba? Aliro ni na haife shi. Amma yarinyar nan tana da rai, tsoho. Kar ka rufe ta tare da shi."

Washegari ta cika.

Bayan an binne ta, Nelida ta je ɗakin da aka kwantar da Bastian. Likita ya riga ya gaya masa zai yi tafiya, amma gangare ya gama da shi. Ta same shi yana kallon rufi. Ta tsaya a bakin gado.

"Yi haƙuri, 'Yar Saƙa. Na so in kai ta da wuri."

"Kai ne kake ba ni haƙuri?" Kuka ya ƙwace mata. "Ka ba mu kwanakin da muka yi sallama da ita. Ni kuwa me na ba ka? Tun ranar fim ɗin nan na san ba laifinka ba ne, Bastian. Tsoro nake ji. Na gaji da tsayawa tsakaninka da Papa, sai na kama abin da na samu."

Ya jawo hannunta ya ɗora a goshinsa.

"To yanzu dai Papa ba shi da hujja. Na sauko, kuma ba komawa."

"Kar ka yi wasa da wannan."

"Idan ban yi wasa ba kuka zan yi, kuma kin riga ni."

Da ya fito da sanda, gidan fasaha ya karɓe shi. Shi ke tarbar baƙi, shi ke gyara musu alluna, yana koya wa matasa sassaƙa. Wani lokaci Nelida takan gan shi ya tsaya a taga yana bin masu saukowa da ido, sai ta je ta tsaya kusa da shi.

Ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito. Wata safiya sai ga Don Rosamel ya shigo gidan fasaha, karo na farko a rayuwarsa. Ya dubi masaƙa, ya dubi sandar Bastian.

"Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, Don Rosamel."

"Ƙarya kake, na ga tafiyarka." Ya gyara murya. "Ni ban iya dogon zance ba. Har yaushe za ku bar mutanen gari suna ta kallonku? Ku je coci ku ga fada, ya sa rana."

An ɗaura auren a watan Maris, lokacin da ganyen kwarin ya fara ja. Daga coci aka wuce gidan fasaha, aka gasa raguna, tsofaffi suka kaɗa. Bastian ya ajiye sanda ya yi rawa da amaryarsa yana ɗingishi, tana dariya hawaye na zuba. Kusa da Don Rosamel an bar kujera ɗaya babu kowa, kuma babu wanda ya yi kuskuren zama a kai.

Da aka nemi uban amarya ya yi magana, ya miƙe ya daɗe yana murza hularsa. Ya ɗora hannu ɗaya a kan Nelida, ɗaya a kan Bastian.

"Ni yanzu da safe ni kaɗai nake dafa ruwan shayina, kuma har yau kofi biyu nake saukowa da su." Ya dube su su biyun. "Allah ya ba ku tsufa tare, 'ya'yana. Allah ya sa ku daɗe kuna faɗa a kan wanda ya bar murhu ya mutu."

Jama'a suka amsa da amin, wasu na dariya, wasu na share ido.