Kifin da Ke Kwana a Katantanwa

Auta ta shigo shagon kifin ado ne tana neman abin da zai sa mahaifinta ya riƙa ɗaga kai. Tun rasuwar mahaifiyarta, tsohon maginin ba ya kallon komai sai bango.

Mai Kifi ya nuna mata wasu 'yan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, kowanne a bakin katantanwarsa. Yana bayani yana kallonta, har ya zuba musu abinci sau biyu.

Shi ya je ya kafa akwatin gilashin a falonsu. Ya shimfiɗa yashi mai laushi, ya jera katantanwa fiye da yawan kifin, ya cika ruwa. Ya ce sai ruwan ya yi makonni kafin a saka kifi, kuma dole ya riƙa zuwa dubawa. Rabin maganar gaskiya ne.

"Ya ruwa?" ya rubuto mata.

"Ruwa lafiya, Mai Kifina. Mai ruwan ce ke kewa."

Da ya turo manyansa neman aurenta, Baba ya sallame su a tsaye.

"Mutumin da ya kawo mini ruwa zalla ya ce kifi ne? Auta ba ta zuwa ko'ina. Ita kaɗai ta rage mini."

Saƙonta ya zo da rana: "Ba zan bar shi cikin shirun nan ba. Ka yafe mini."

Ya ajiye wayar. Ya dai kawo kifin, tunda alkawari ne.

Kifayen ba su san darajar magini ba. Suka haƙa ramuka, suka tara tudu, suka binne katantanwa. Kullum da safe Baba ya naɗe hannun riga ya daidaita yashin sumul, kafin azahar sun rushe aikin. Daga baya suka shige katantanwa suka daina fitowa, suka daina ci.

Baba da kansa ya kira Mai Kifi.

"Kai, kifinka na mutuwa."

Mai Kifi ya durƙusa gaban gilashin.

"Baba, a cire hannu. Ba sa zama sai sun gina da kansu."

Baba ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen hannunsa. Auta na bakin ƙofa, idonta ya kawo ruwa.

Baba ya bar yashin. Bayan wata guda sai ga 'ya'ya kamar tsinken shinkafa a bakin wata katantanwa.

"In sun girma ina suke zuwa?" Baba ya tambaya.

"Katantanwar da ke kusa, Baba. Ba sa nisa."

"To. Gidan da ke jikin namu babu kowa. Ni na gina shi, katangarsa a karkace take, kada ka gaya wa kowa. Turo mutanenka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun Auta, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai yawa. Ya leƙa falon amarya ya ga kujerun duk a karkace. Ya kai hannu, sai ya mayar da shi aljihu.