Bel Ɗin Kujerar Gefe

Shekara uku Sa'adiya tana yi wa mijinta, Malam Armiya'u, magiya ya sa bel a tsohuwar motar da ya gada, shi kuwa yana dariya yana cewa ajali ba ya jin ɗauri. Ranar da taya ta fashe a hanyar Shinkafi, ta gilashin gaba Sa'adiya ta fita, da cikin wata bakwai.

Da ta cika shekara da rasuwa, ya kai motar Kaura Namoda. Bakanike ya huda ƙarfe, ya ɗaure bel da noti, ya fizga ya ji ya riƙe.

"Malam, har na gefen? Ai kai ɗai ka shiga motar ga."

"Sa dai."

Bayan isha'i ya kamo hanyar gida. Daf da Badarawa, inda abin ya faru, kukan kwaɗi ya ɗauke ɗif. Ƙamshin humra ya cika motar, alhali gilasai a rufe suke. Sai ya ji kujerar gefe ta lotsa, bel ya zaro kansa a hankali, ya shiga makullinsa, ya yi ƙas.

Bai juya ba. Da wutsiyar ido ya ga bel ɗin ya yi tozo, bai kwanta jikin kujera ba, ana tura shi ƙasa a hankali, yadda mai juna biyu take gyara ɗaurin zane.

"Malam," in ji muryar, babu fushi a cikinta, babu numfashi, "ashe aikin wuni guda na."