Kwandastan Da Ya Shiga Teku

"Tikiti, jama'a, tikiti!"

Ninfa ta ɗago kai da sauri. Ba muryar da take jira ba ce. Doreen ce, tsohuwar kwandastar da ta saba aikin yamma, tana tafe tana dafa kujeru.

"Doreen, ina Terrence? Ko ba shi da lafiya ne?"

Matar ta dube ta ta saman tabarau.

"Au! Bai gaya miki ba?"

"Bai gaya mini me ba?"

Jirgin ƙasan ya fara rage gudu, yadda yake yi kullum in zai hau gadar bayan garin Gloucester, wadda ake ɗagawa jiragen ruwa su wuce. Doreen ta nuna mata taga da haɓa.

Can ƙasa jirgin kamun kifin mahaifinta ne tsaye, yana jiran a ɗaga gada. Ga Papa a wurin tuƙi. Ga Enzo, babban ma'aikacinsa. Na ukunsu yana sanye da rigar roba da ta yi masa yawa, ya ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu.

Terrence!

Ba ta san lokacin da ta miƙe tana dukan gilashi ba.

"Terrence! Ka haukace ne? Terrence!"

Bai ji ba. Jirgin ƙasan ya tsallake gada, itatuwa suka tare ruwan.

"Ya ajiye aiki, 'yar nan," in ji Doreen a hankali. "Duk shekarun da ya tara ya zubar. Wai zai je ya nemo aure."

Ninfa ta koma ta zauna.

A wannan taragon suka san juna, tun tana zirga-zirgar makarantar koyon aikin jinya a Boston. Shi ne mai tashinta in barci ya sace ta a kan littafi, kada ta wuce tasha. Ranar da ta kai shi gida, Papa ya juya tafin hannunsa ya duba, ya yi dariya.

"Wannan hannun bai san gishiri ba. Mai karɓar tikiti zan ba 'yata?"

Abin da Papa bai taɓa tsayawa ya ji ba shi ne, dalilin da ya sa take son Terrence ke nan. Yayanta Gaetano ya fita kamun kifi wata safiya, ko takalminsa ba a samu ba. A cikin coci, gaban akwatin da babu kowa ciki, ta yi rantsuwa ba za ta auri mai shiga teku ba.

Ta kira wayar Papa.

"Papa, ku sauke shi! Ko iyo bai iya ba!"

"Shi ya kawo kansa. Enzo ya ce masa in yana son ki, ga hanya."

"Enzo? Enzon da ya daɗe yana shawagi a ƙofar gidanmu kamar tsuntsun da ya hango kayan cikin kifi?"

"Ki iya bakinki. An ɗaga gada, sai mun dawo."

Ya kashe.

Ba ta sauka a tasha ta gaba ba. Ta wuce asibiti, ta sa farar rigarta, ta yi aikinta. Wanda duk ya tambaye ta sai ta ce lafiya lau.

Kwanakin da suka biyo baya a kujerar tarago da ba ta kallon teku ta riƙa zama. Da iska ta juya, aka fara maganar guguwa a rediyo, sai matan unguwa suka taru a kicin ɗin Mama da carbinsu, suka kunna kyandir gaban hoton Waliyyi Bitrus, waliyyin masunta.

"Zo ki zauna da mu, Ninfa," in ji Mama.

"Ba zan zauna ba."

"Ke wace irin zuciya gare ki?"

"Tun ina goye nake ganinku a wannan kicin, Mama. Ni ban yi karatu don in gaji kujerarki ba!"

Ta fice. Sai da ta shiga jirgi, ta kulle kanta a bayin tarago, sannan ta toshe baki da gyale ta yi kuka mai isarta. Ta wanke fuska ta fito kai a sama. Doreen ta gani, ta kau da ido.

Ran da aka ce an hango jirgin Papa, tana hanyar dawowa daga aiki. Daga tasha har gaɓa da gudu ta je, da takalmin asibiti a ƙafarta.

Mutane sun cika wurin. Jirgin ya shigo, gilashin gabansa a fashe. Papa ne ya fara sauka, sai Enzo, fuska a murtuke. Can sai ga Terrence, ya rame, leɓensa ya tsage, yana tangaɗi kamar ƙasa na zame masa.

"Ninfa... zuciyata..."

Kafin ta buɗe baki Papa ya daki kafaɗarsa, ya juyo ga jama'a.

"Ku gan shi nan! Tun daga gada yake amai, amma ko sau ɗaya bai saki igiya ba. Da igiyar ruwa ta fasa mana gilashi, wani da na sani ƙarƙashin tebur ya shige!"

Aka kwashe da dariya. Enzo ya tofar da yawu ya wuce.

Papa ya cire sarƙar Waliyyi Bitrus daga wuyansa ya rataya wa Terrence. Wurin ya yi tsit. Ba a rataya wa bare wannan sarƙar.

"Daga yau ɗana ne. Na ba shi Ninfa, in na gaji kuma jirgin nasa ne!"

Aka ɗau tafi da guɗa. Terrence ya dube ta yana murmushi, idonsa taf da hawaye.

"Ba na so," in ji Ninfa.

Tafin ya tsinke.

"Me kika ce?" Papa ya zaro ido.

"Na ce ba na so, Papa."

"Masoyiyata," Terrence ya matso, "don ke fa na yi..."

"Don ni? Ka tambaye ni? Enzo ka tambaya! Ka san yadda na yi kwanakin nan? Ni mutumin da na so, na san lokacin da zai iso tasha. In ya makara, waya zan duba, ba sararin sama ba. Wannan da ke tsaye gabana ban san shi ba."

"In na koma aiki daga ƙasa zan fara, Ninfa. Kamar sabon shiga. Aikin asuba, aikin ranar biki..."

"Amma za ka dawo gida?"

Ya dube ta. Sannan ya sa hannu ya cire sarƙar, ya miƙa wa Papa da hannu biyu.

"Ku yi haƙuri, Papa."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Fuskar Papa ta yi jawur.

"A gaban mutane? Ka mayar mini a gaban mutane? To, ba kai ba 'yata!"

"Ba ni nan, Calogero."

Mama ce, ta kira Papa da sunansa. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya a bakin gaɓa ba. Ta karɓi sarƙar ta dunƙule a hannu.

"Ɗa guda na ba teku, ban ce uffan ba. Kai ma kullum nake ba ta aronka. Mijin 'yata kam ba ta samu."

Papa ya dubi ruwa, ya dubi matarsa. Ya cire hula ya share fuska da ita.

"Ai dama bai iya gyaran kifi ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Rabin naman yake zubarwa."

Terrence ya yi dariya, ƙafarsa ta kwashe shi. Ninfa ta tare shi, warin kifi da man inji ya cika mata hanci.

"Kada ka rungume ni, wari kake!"

"Kin yafe mini?"

"Ban yafe ba. Sai ka yi wanka tukuna."

Ba ta sake shi ba.

Da bazara aka ɗaura auren a cocin unguwa. Ango bai kai ƙarshen rawa ba, domin sabon shiga ba ya zaɓar ranar hutu, washegari shi ne kwandastan jirgin ƙasa na farko. Amarya da kanta ta ja shi ta fitar da shi daga tsakiyar fili, dangi na ta ihu.

"Ku ci gaba da rawarku," ta ce musu. "Mijina yana da aiki gobe."