Ranar da Injin Sabit Ya Daina Kuka

Ranar da abin ya fara, Nermina tana kicin tana wanke farantan burek. Rana ta kusa faɗuwa, sanyin Janairu ya riga ya kama tagogi. Shekara goma sha ɗaya suna wannan sana'a a gidansu na jan bulo da ke kudancin birnin St. Louis. Ita da 'yarta Belma su naɗe nama cikin fulawa, mijinta Sabit ya zuba a leda, ya liƙe bakin ledar da injin zafi a gareji, da safe a kai shaguna. Ƙafafunta sun kumbura. Kullum haka suke yi in yamma ta yi.

Sabit ya shigo da naɗin tef guda biyu, ya ajiye a kan teburin cin abinci.

"Tsoho, ɗauke min wannan tarkacen daga inda nake aiki," in ji Nermina.

"Taɓa farin nan ki ji," in ji shi. "Shi na sa makon jiya. Wajen jure guga babu kamarsa, sai ƙarfe ya shekara yana zamewa a kansa bai cinye shi ba. Amma ba ya son wuta. Layin da kan injin yake sauka a kai yana dab da wurin zafin. Kwana biyu ya yi laushi ya tattare."

"Ai na ji warin har ɗakin kwana."

Ya ɗaga ɗayan, mai launin ƙasa. "Wannan saƙar zaren gilashi ce a ciki, an shafe ta da irin abin da ake shafa wa kaskon da ba ya kamu. Digiri ɗari biyar ko a jikinsa. Leda ba ta manne masa. Bai kai farin daɗewa ba, amma gara in riƙa canzawa da in riƙa kankarewa."

"Shekara ashirin kana gyaran inji a masana'anta, sai da ka narkar da ɗaya kafin ka gane."

Belma tana goge hannu ta yi dariya. "Mama, ƙyale Babo. Ya fi sanin zafin jikin injin nan a kan nawa."

Ya kwashe kayansa ya fita gareji, ya je liƙa wa injin sabon tef ɗin.

To shi wannan injin, tun da suka saye shi na hannu, kuka gare shi. Duk sanda kansa zai sauko sai ƙarfe ya gogi ƙarfe, ya yi ƙiii, sannan ya danne ledar. Ko farin tef ɗin bai hana shi ba, don da ya ji wuta ya tattare. Gidan ya saba, har ba a jinsa. Wannan yammar Nermina tana tsaye a bakin famfo, sai ta ji wani abu ya ɓace. Fitilar gareji a kunne, inuwar Sabit tana sunkuyawa tana miƙewa, amma babu sauti ko kaɗan. Gidan ya yi tsit, irin shirun da yake sa mutum ya ji bugun zuciyarsa.

Magariba na yi, dutse ya faɗo a kan rufin gareji. Can wani ya sake faɗowa.

Sabit ya zagaya da tocila. Dusar ƙanƙara kwance lumui, babu sawun kowa. Ya tsinto tsakuwa ɗaya ya ba Nermina. Tsakuwar da ɗumi a jikinta.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu Belma ta shiga gareji ɗebo ledoji. Ta daɗe. Da ta dawo, hannunta na dama a dunƙule yake a ƙirji. Ta wuce uwarta kamar ba ta gan ta ba, ta lalubi bango, ta zauna a ƙasa jikin bututun ɗumama ɗaki. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dushe.

"Wa ya kashe kukan?"

"Belma?"

"Wa ya kashe kukan?"

Sun kai ta asibiti. An ɗibi jini, an ɗauki hoton kai, an buɗe hannun da ƙyar, ba a ga komai ba. Da rana barci take, in ta tashi ta sha miya cokali biyu. Rana na faɗuwa sai hannun ya dunƙule, muryar ta dawo. Nermina ta daina kwanciya a gado. A kujera take gyangyaɗi, da ƙafafunta masu nauyi, tana kallon 'yarta tana ramewa. Kwana tara.

Rana ta goma Sabit ya ɗauko Hilmo Efendi, tsohon malamin da ya koya wa rabin unguwar karatu. Ya zo bayan la'asar da sandarsa. Ya sha gahawa a hankali, ya leƙa gareji, ya dawo ya zauna yana jira. Da hasken taga ya fara ja, ya matso kusa da Belma ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Yarinyar ta fara karkarwa.

"Ya isa, malam," in ji muryar. "Kana ƙona ni a kan ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. Idona ya mutu tun kafin a gina wannan garejin."

"Me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"A ƙarƙashin ƙarfen nake kwana, saboda ɗumi. Ban taɓa ɗaukar musu ko gishiri ba. In ƙarfen ya yi kuka, in janye hannuna. Ya yi kuka, in janye. Shekara goma sha ɗaya. Ran nan bai yi kuka ba, ya sauko a kan hannuna."

Sabit ya dafe kai da hannu biyu.

"An cuce ki ba da sani ba," in ji Efendi. "Ke kuwa da saninki kika kama yarinya."

"Jikinta da ɗumi. A cire abin da aka liƙa, a mayar min da kukan, in koma wurina."

Sabit ya miƙe. "Yanzu zan ɓare shi. Da farce ma zan ɓare."

"Zauna, Sabit. In ka ɓare yau, ranar da ka manta ka ɗiga wa ƙarfen mai, 'yarka za ta sake biya." Ya juya ga Belma. "Zama ya ƙare. Za ki fita daga jikinta, ki fita daga gidan."

"A wannan sanyin? Bar ni a jikinta zuwa bazara."

Efendi ya ci gaba da karatu. Bayan Belma ya lanƙwashe. Nermina ta riƙe kafaɗunta, tana jin ƙashi a inda da akwai tsoka.

"Kwana arba'in," in ji muryar.

"Yanzu."

Da muryar ta dawo, babu faɗa a cikinta, sai gajiya.

"Wannan ne tashina na huɗu. Duk gidan da na samu sai a rushe shi. Akwai tsohon wurin gasa bulo a bakin kogi, can zan je. Amma ina da 'yan kayana a ƙarƙashin ƙarfen, kuma hannu ɗaya ya rage min."

"Ki saki yarinyar yanzu, da rantsuwa ba za ki dawo ba. Kwana uku za a bar injin da ɗumi, ba mai sauke kansa. A bar ƙofar gareji a buɗe kamu ɗaya."

"A ba ta bakwai," in ji Nermina.

Duka suka juyo. Ita kanta ba ta san za ta yi magana ba.

"'Yata, irin su ba a yi musu ƙari," in ji Efendi.

"Efendi, mu da aka tashe mu daga ƙauyenmu lokacin yaƙi a can ƙasarmu, awa ɗaya aka ba mu. Da hannu biyu ma ban iya ɗaure komai ba. A ba ta bakwai."

Tsohon ya dube ta, ya dubi Sabit. Mako guda babu burek a shaguna. Sabit ya gyaɗa kai.

"Bakwai," in ji Efendi. "Rantse."

Ta rantse, kalma bayan kalma, yadda ya faɗa mata. Sannan fuskar Belma ta juyo wajen Nermina, idanun suna kallon gefe kaɗan, yadda makaho yake yi.

"Ƙafarki tana ciwo, ina jin takunki. Ki riƙa zama."

Hannun ya fara buɗewa, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙaramin ya miƙe, wani sanyi ya ratsa ɗakin, ƙofar baya ta motsa kaɗan ta tsaya. Belma ta sulale jikin uwarta da duk nauyinta.

Efendi yana shafa gwiwarsa. Sabit ya tashi a hankali ya nufi gareji, ya je ɗaga ƙofar. Can Belma ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido, ta dubi fitila, ta dubi tsohon malamin da ke zaune a ɗakinsu.

"Mama," ta ce, da muryarta ta kullum, "kin matse ni."

"Na sani," in ji Nermina. Ba ta sake ta ba.